Ramin da Tifa Ta Bari a Cikin Kogi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan gini ya san lissafin magina wajen kwaɓa kankare: kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Simintin ne ake kuka da tsadarsa, shi ake kullewa a ɗaki, shi ake ƙirgawa buhu-buhu. Yashi da tsakuwa kuwa a bakin titi ake jibge su, yara na hawa suna gangarowa. Alhali cikin kwano bakwai ɗin nan shida nasu ne, kuma ba wata masana'anta da ta ƙera su. Ko dai an fasa dutse, ko an kwaso su daga cikin kogi. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2022 cewa duniya na cin kimanin tan biliyan 50 na yashi da tsakuwa a kowace shekara. Idan aka ɗauke ruwa, babu wani abu da ɗan Adam ke ɗiba daga ƙasa da ya kai su yawa.

Mu da muke maƙwabtaka da Sahara muna iya tambaya: ga rairayi har iyakar ganin ido, me ya kai mutane cikin kogi? Kowane birkila zai ba da amsa. Rairayin hamada iska ta daɗe tana gogarsa har ya yi laushi ya mulmule, ba ya kama siminti yadda ake so. Yashin kogi kuwa yana da kaifi, ruwa ya wanke shi, ya tace shi, ya jibge shi inda mota za ta iya shiga. Shi ya sa duk garin da ke bunƙasa za ka tarar da 'yan tifa a kogin da ya fi kusa da shi, daga Tamburawa da Wudil a ƙasar Kano, zuwa gaɓar kogin Kaduna, zuwa Binuwai a Yola da Makurɗi, inda matasa ke nutso da bokiti suna cika kwale-kwale.

Idan ka yi wa mai shebur maganar ɓarna, amsarsa ɗaya ce: "Ai damina na zuwa za ta mayar." Kuma ba ƙarya ya yi da gangan ba, abin da idonsa ya gani ya faɗa. Ramin da aka haƙa da rani, ana samun ambaliya biyu sai ka ga ya shafe kamar ba a taɓa wurin ba. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: yashin da ya cike ramin, daga ina ya fito?

Kogi ba ruwa kaɗai yake ɗauke da shi ba. Yana tafe da kaya: laka a cikin ruwan, yashi da tsakuwa suna mirginawa a ƙasa. Abin da ya saukar a wannan lanƙwasa bana, baɗi zai kwashe ya kai gaba, wani ya zo daga sama ya maye gurbinsa. Muddin abin da ke shigowa ya yi daidai da abin da ke fita, ƙasan kogin na nan inda yake. Da zarar an haƙa rami a tsakiya, sai lissafin ya rikice ta fuska biyu. Ta bakin ramin na sama, ruwa yana faɗawa ne kamar daga kan matakala, yana ƙara gudu yana cin bakin, bakin kuma yana ja da baya shekara bayan shekara. Haka zaizayar za ta yi ta hawa har ta shiga ƙoramun da ke zubowa cikin kogin, ta isa gonar mutumin da bai taɓa ganin tifa a ƙauyensu ba. Ta gefen ƙasa kuma, duk kayan da ruwan ya ɗauko ya zube a ramin, ya fito hannu rabbana da ƙarfinsa cikakke. Wani masanin koguna na Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley, Mathias Kondolf, ya yi wa irin wannan ruwa laƙabi da ruwa mai jin yunwa a wani rubutu da ya fitar a 1997, sunan kuma ya bi shi don ya dace. Ruwan da aka ƙwace wa kaya sai ya ci ƙasan kogi da gaɓarsa kafin ya ƙoshi. Saboda haka yashin da ya cike ramin mai shebur ba daga sama ya faɗo ba. Yankinsa daga gaɓar wani aka yago shi, yankinsa kuma rabon mutanen gaba ne aka tare.

Inda wannan ya fi tsanani shi ne ƙasan madatsar ruwa. Dam yana tare kusan duk yashi da tsakuwar da ke zuwa daga sama, su kwanta a cikin tafkinsa. An kammala dam ɗin Tiga a kan kogin Kano a 1974, an kammala na Challawa a 1992, kuma waɗannan koguna biyu su ne ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja. Tun daga lokacin, yashin da ke ƙasa da su ba ya samun ƙari sai ɗan abin da ƙananan rafuka suka kawo. Wanda ke ɗiba a irin wannan wuri daga rumbu yake ci, rumbun da gonarsa ta daina nomuwa. Haka lamarin yake a ƙasan Bakolori da Goronyo, haka a ƙasan Kainji.

Duniya ta fara farga ne ba don kifi ba, sai don gadoji. A watan Afrilun 1978 gadar Wilson da ke birnin Tours na Faransa ta rufta cikin kogin Luwar, bayan shekaru ana kwasar yashi har ƙasan kogin ya sauka ya bar ginshiƙanta a tone. A ranar 4 ga Maris 2001 wata tsohuwar gada a kan kogin Duro na Fotugal ta karye da dare lokacin ambaliya, motar safa da ƙananan motoci uku suka faɗa ruwa, mutum 59 suka halaka, kuma haƙar yashin da aka daɗe ana yi kusa da ita tana cikin abubuwan da aka ɗora wa alhaki. Gada idan ta faɗi kowa ya ji ƙararta. Abin da ke zaune a ƙarƙashin ruwa kuwa shiru yake ƙarewa.

Mafi yawan abin da aka sani game da tsakuwa da kifi an koyo shi ne daga kifin salmon na ƙasashen sanyi, don kuwa rayuwarsa kacokan a kan tsakuwa ta rataya. Kifin nan a teku yake girma, amma idan lokacin haihuwa ya yi sai ya juyo ya hau kogin da aka ƙyanƙyashe shi, wani lokaci tafiyar ɗaruruwan kilomita. Macen takan zaɓi wuri mai tsakuwa inda ruwa ke gudu, ta kwanta ta gefe tana kaɗa wutsiya har ta tona ɗan gurbi, ta zuba ƙwai, namiji ya barbare su, sannan ta rufe da tsakuwa. Ƙwan zai yi makonni, wani lokaci watanni, a binne. Abin da ke raya shi shi ne ruwan da ke kurɗawa ta tsakanin tsakuwoyin, yana kawo masa iskar shaƙa yana tafiya da dauɗarsa. Ko bayan ƙyanƙyashewa 'ya'yan ba sa fitowa nan take, sukan zauna a cikin kafofin har su cinye guzurin gwaiduwar da ke manne a cikinsu. Kuma ba kowace tsakuwa ba ce ke yi. Idan ta yi girma uwar ba za ta iya motsa ta ba, idan ta yi ƙanƙanta ruwa ba zai ratsa ba. Abin takaicin shi ne girman da kifin ke so shi ne girman da mai kwaɓa kankare ke so.

Ba sai an kwashe tsakuwar wurin haihuwar ba ma kafin a yi ɓarna. Ya isa a yi haƙa can sama. Lakar da katafila ta tayar za ta biyo ruwa ta kwanta a tsakanin tsakuwoyin ta toshe kafofin, ƙwan ya shaƙe a inda yake. Daga waje wurin na nan kamar yadda aka san shi, amma ya zama kabari.

Mai karatu na iya cewa mu ba mu da salmon, kogunanmu ma galibi na yashi ne ba na tsakuwa ba. Haka ne, kuma ba daidai ba ne a ɗauko labarin kifin wata ƙasa a ɗora wa namu ba tare da dubawa ba. Sai dai idan an duba ɗin, za a ga namu ma sun dogara da shimfiɗar kogi, ta wasu hanyoyi daban.

Na farko abinci. Ƙasan kogi ba mataccen wuri ba ne. A jikin duwatsu da tsakuwa gansakuka ke fitowa, a tsakaninsu tsutsotsin ƙwari ke zaune, da ƙananan dodon koɗi, da kaguwa, da jatan lande. Kurungu da ragon ruwa a ƙasa suke kiwo, suna lalube da gashin bakinsu. Ƙananan kifayen da suka ci waɗannan halittu su ne abincin giwan ruwa da tsage. Idan aka kwashe shimfiɗar aka bar tsurar laka ko fako, an kwashe kasuwar abincin gaba ɗaya, kuma ba ta dawowa muddin ana sake haƙa wurin kowane rani. Na biyu gida. Karfasa, wadda wasu ke kira gargaza, gurbi take tonawa a cikin yashi a ruwa marar zurfi, kamar ƙwarya, a nan ake zuba ƙwai. Wani irinta yakan kwashe ƙwan a baki, wani irin kuma ya tsaya gadinsu a gurbin. Gefen kogi marar zurfi da take nema shi ne wurin da ya fi sauƙin shiga da shebur. Na uku gurɓacewar ruwan. Kifayenmu sun saba da jan ruwan damina, amma sun saba kuma da ruwa ya kwanta ya yi garau da rani. Idan injin zuƙo yashi ya hana shi kwanciya shekara zagaye, laka na toshe wa kifi mashaƙa, haske ba ya kai wa tsirrai, mafarautan da ke kamu da ido kamar tsage su rasa ganin abin kamawa. Ga baƙin mai da gas da ke ɗiga daga injuna, ga wankin tifa a cikin ruwan.

Amma babbar ɓarnar a wajenmu, a ganina, ba ta cikin waɗannan uku. Tana a tsakanin kogi da fadama.

Kowane masunci ya san cewa kifi ba a tsakiyar kogi yake yaɗuwa ba. Idan ruwa ya cika ya tumbatsa ya bazu cikin ciyayin fadama, a lokacin ne kifi ke fita ya bi shi. Tarwaɗa da ramboshi a cikin ciyawar da sabon ruwa ya shanye suke zuba ƙwai. Bargi sheƙa yake yi da ciyawa a ruwa marar zurfi, yauni ma sheƙarsa ta ciyawa ce mai yawo a kan ruwa. 'Ya'yan kifi a nan suke samun abinci da maɓoya, su yi ƙwari, sannan su biyo ruwa su komo kogi idan ya fara janyewa. Gaiwa kuwa a can take zama, ta nutse cikin taɓo ta lulluɓe kanta ta jira wata daminar. Shekarar da ambaliya ta yi faɗi ta daɗe, shekarar da ke biye kifi ya yi araha. Duk wannan ya rataya ne a kan abu guda, wato ruwan kogi ya iya haye gaɓa. To, idan ƙasan kogin ya sauka da mita ɗaya ko biyu, ruwan da a da yake tumbatsa yanzu zai wuce a cikin kwazazzabo bai leƙa fadamar ba. Ruwan bai ragu ba, sama ta yi aikinta, amma ƙofar da ke tsakanin kifi da ɗakin haihuwarsa ta rufe.

Wannan ba hasashe ba ne, ya faru a Luwar ɗin da gadarta ta faɗi. Tsakanin biranen Angers da Nantes, haƙar yashi da ayyukan gyara hanyar jiragen ruwa sun saukar da kogin da mitoci, har rassansa na gefe da tafkunan da yake cika suka rabu da shi. A cikin ciyayinsu ne wani babban kifi mafarauci na can yake haihuwa, sai ya rasa wurin. Yau gwamnatin Faransa na kashe maƙudan kuɗi tana neman ta ɗaga ƙasan kogin ta sake haɗa shi da rassansa. Mu kuma da dausayin Haɗeja da Nguru, wanda aka sa cikin jerin muhimman dausayoyin duniya a 2000, da fadamun Rima da na Binuwai, abincin dubban gidaje a kan wannan haɗuwa ta kogi da fadama yake.

Akwai kuma ruwan da ido ba ya gani. Yawancin kogunan Arewa sukan ƙafe da rani, amma ƙafewar ta sama ce. A cikin yashin akwai ruwa kwance, shi ya sa mata da makiyaya ke tona ɗan rami mai zurfin kamu biyu su sami abin sha. Yashin nan randa ce. Shi ke riƙe 'yan gurabun da kifi ke fakewa har damina ta dawo, shi ke ciyar da rijiyoyin masu noman rani, shi ke shayar da saiwoyin itatuwan bakin rafi. Idan aka kwashe shi, ko kogin ya nutsa ƙasa, ruwan da ke cikin ƙasar gefe sai ya tsiyaye ya bi shi. Mai lambu ya ga injinsa ya fara jan iska, giginya da ɓaure da ƙirya su fara bushewa daga sama. Da itatuwan sun tafi, inuwar da ke sanyaya ruwa ta tafi, saiwar da ke riƙe gaɓa ta tafi, tsuntsaye da birai da guza sun rasa wurin zama. A lardin Makueni na ƙasar Kenya ƙishirwa ce ta sa mutane suka tashi tsaye a kan masu kwasar yashi, har majalisar lardin ta yi doka a 2015 ta kafa hukuma ta musamman don kula da shi.

Tudun yashin da ke fitowa a tsakiyar kogi idan ruwa ya ja, wanda mai tifa ke gani a matsayin kaya a shirye, shi ma yana da masu shi. Akwai wani ɗan tsuntsu mai ruwan toka da ratsin baƙi da fari, wanda Turawa ke kira tsuntsun kada, ana ganinsa a manyan kogunanmu. Ba ya yin sheƙa. A cikin yashi yake binne ƙwansa, idan rana ta take sai ya je ya jiƙa gashin cikinsa a ruwa ya dawo ya kwanta a kai don ya sanyaya su. Wasu tsuntsayen a kan tsurar yashin suke ajiye ƙwai, launinsa ya saje da ƙasa yadda ko kana tsaye a kai ba ka gani. Kififiya a yashi take binne nata, kada ma haka. Wasu tsuntsayen masu ja da shuɗi kuma ramuka suke yi jere a jikin gaɓa mai tsayi, wadda ke ruftawa idan aka ci gindinta. Dukkansu da rani suke haihuwa, don a lokacin ne yashin ke waje, kuma a lokacin ne tifa ke iya shiga. Taya ɗaya ta isa ta gama da haihuwar shekara guda, direban kuma bai ma san ya taka komai ba.

A Indiya an ga iyakar inda wannan ke kaiwa. Akwai wani kada mai siririn dogon baki, mai cin kifi, wanda a da ya cika kogunan arewacin ƙasar. Tun 2007 aka sa shi cikin dabbobin da ke dab da ƙarewa, kuma mafi yawan waɗanda suka rage suna kogin Chambal ne. A kan tudun yashi yake shan hantsi, a ciki yake binne ƙwai, har ma zafin yashin ne ke tantance ko ɗan zai fito namiji ko mace. An keɓe kogin a matsayin wurin kare namun daji, amma masu satar yashi ba su daina shiga ba, kuma suna cikin manyan abubuwan da ke barazana ga kadan. A Sin kuwa an yi gudun gara ne aka faɗa gidan zago. Da gwamnati ta hana haƙar yashi a tsakiyar kogin Yangtze a 2000, sai jiragen suka kwarara tafkin Poyang, har aka ƙiyasta cewa a tsakiyar shekarun 2000 ana kwashe fiye da kubik mita miliyan 200 a shekara daga cikinsa. Tafkin nan gida ne ga babban kaso na wata dabbar ruwa mai shayarwa, dangin dolfin, wadda ƙidayar 2017 ta nuna ba ta fi dubu ɗaya da 'yan kai ba a duniya. Da sauti take gane hanya da abinci, ƙarar injuna kuma ta cika ruwan. Duk wanda ya san halin ayu a Binuwai da Neja, dabba mai kunya da son wuri shiru mai ciyawa, zai gane abin da jiragen zuƙo yashi za su yi masa.

Akwai hujjoji biyu da masu kare sana'ar ke kawowa waɗanda bai kamata a yi watsi da su ba. Ta farko, wasu masunta da kansu sukan ce ai a ramukan 'yan yashi ake samun manyan kifi. Gaskiya ne rami mai zurfi yana tara kifi da rani. Amma tarawa daban, haifarwa daban. Ramin ya tattaro abin da ya rage ne wuri guda inda taru ɗaya zai kwashe, bai ƙara ko ɗaya ba. A Kaliforniya, inda kogunan Merced da Tuolumne suka fasa suka bi ta tsofaffin ramukan tsakuwa, ramukan sun zama matattarar kifaye mafarauta da ke cinye 'ya'yan salmon a hanyarsu ta zuwa teku. Ga shi kuma irin waɗannan ramuka, masu gangara kamar rijiya a inda aka saba da ruwa iya gwiwa, su ne ke cin yara da dabbobi.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi. Ana cewa kogunanmu cikewa suke yi, ba ƙarewa ba. Mutanen Yamai sun daɗe suna kuka da yadda rairayi ke binne kogin Neja, hanyoyin ruwa a Haɗeja da Nguru sun toshe da laka da ciyawar kacalla, kuma a 2009 gwamnatin Umaru Musa 'Yar'aduwa ta ƙaddamar da yashe Neja daga Warri zuwa Baro. To me zai hana a bar 'yan tifa su yi aikin kyauta? Amsar ita ce, akwai wuraren da kogi ke tara fiye da abin da yake iya kwashewa, musamman inda aka sare daji zaizaya ta ƙaru, kuma ɗiba a irin wurin na iya zama alheri. Sai dai mai tifa ba inda kogi ya toshe yake bi ba, inda ya fi kusa da kwalta da kasuwa yake bi. Ba laka da kacalla yake so ba, tsabtataccen yashi yake so. Kogi ɗaya na iya cikewa a wannan yanki yana kuma nutsewa a wancan. Ba za a san wanne ne wanne ba sai an auna.

Awon ne babu, kuma a nan laifin ya bar kan mai shebur ya hau sama. Saurayin da ke nutso tun asuba don ya cika kwale-kwale ba shi ne ya tsara birane ba, kuma kuɗin da ke shiga aljihunsa bai kai rabin abin da ake sayar da lodin ba. A Najeriya dokar ma'adinai ta 2007 ta sa yashi da tsakuwa a ƙarƙashin ikon Gwamnatin Tarayya, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta cikin gida na da nata iko a kan manyan koguna, dokar 1992 ta wajabta nazarin illar manyan ayyuka ga muhalli, jihohi da ƙananan hukumomi kuma suna karɓar haraji a kan lodi. Hannaye da yawa a kan kuɗin, amma da wuya ka sami ofishin da zai gaya maka tan nawa kogi kaza ke kawowa a shekara, tan nawa ake fitarwa, da kuma taku nawa ƙasansa ya sauka cikin shekara goma.

Wasu ƙasashe sun yanke hukunci mai tsauri. Faransa ta haramta haƙa a cikin kwarin kogi a 1994. Ƙaramar hukumar Yolo a Kaliforniya ta fitar da kamfanoni daga cikin rafin Cache a 1996 ta mayar da su gefe. Kotun Ƙolin Indiya ta yanke a 2012 cewa ko ƙaramin fili ne ba a haƙa shi sai da izinin muhalli. Ban ga yadda hani na gaba ɗaya zai yi aiki a wajenmu ba. Mutane na buƙatar muhalli, matasa na buƙatar abin yi, kuma darasin Poyang ya nuna cewa hanin da bai tanadi madadi ba ƙaura kawai yake sa ɓarna ta yi, ko ya mayar da ita aikin dare. Abin da nake ganin zai yiwu ya fi wannan sauƙi. Tsakuwa dai ba ta da dalilin fitowa daga kogi a ƙasar da duwatsu suka cika, har garin dutsen da ke fita wajen fasawa yana maye gurbin yashi a ayyuka da dama. Tsofaffin kwarin da kogi ya bari tun zamanin da suna da yashi a ƙasa, nesa da ruwan yanzu. Bakin tafkunan dam-dam, inda yashi ke taruwa yana rage musu ciki, wuri ne da ɗiba za ta amfani kowa. A cikin kogi kuwa a ware inda ba a taɓawa sam: kusa da gada, ƙasan dam, mashigar fadama, da tudun da tsuntsaye da kififiya ke haihuwa. Inda aka yarda a ɗiba, kada a wuce saman ruwan rani, kada kuma injin ya shiga cikin ruwa.

Wa zai nuna waɗannan wurare? Ba sai an jira masana daga nesa ba. Hausawa na cewa idan kifi ya fito daga ruwa ya ce idon kada ɗaya ne, wa zai musa? Sarkin ruwa da Sarkawansa sun san gurbin da bargi ke sheƙa, sun san bakin da ruwa ke fara shiga fadama, sun san shekarar da ya daina shiga. Kuma hana taɓa wani yanki na ruwa ba baƙon abu ba ne a wajensu. A Argungu, inda bikin kamun kifi ya samo asali tun 1934, ana killace yankin Matan Fada ne a hana su har ranar biki, shi ya sa ake fito da giwan ruwan da sai an taru ake ɗaga shi. Ikon da ya iya hana koma da birgi shiga ruwa ya kamata a ba shi murya a kan shebur da katafila, a zauna da shi da shugabannin 'yan tifa da masu lambu kafin a buɗe kowace mashiga.

Awon farko ma ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. A sami ginshiƙin gada a kowane gari, a ja layi da fenti daidai inda yashi ya tsaya a watan Maris, a rubuta shekarar a gefe. Baɗi war haka a dawo da gwangwanin fentin a sake ja.